Katangar Alhaji Labo

A daminar shekarar 1994 jami'ar Yamai ta tura mutum biyu Birnin Konni su binciki yadda ruwan sama ke bi cikin gari, da abin da ya sa wata unguwa ke nutsewa duk shekara alhali maƙwabciyarta ko taɓo ba ta gani. Babbansu Dokta Mumuni ne, wani dattijo siriri ɗan bakin kogi, wanda ya kai shekara ashirin yana koyar da ilimin ruwa. Na biyun kuwa Mutari ne, tsohon ɗalibinsa da ya zama mataimakinsa. Dokta bai ɓoye dalilin zaɓensa ba. Mutari ɗan Konni ne, ya san lungu da saƙo, kuma in mutane suka ga ɗan gari riƙe da sandar awo ba mai cewa gwamnati ce ta zo ƙwace fili.

Mahaifin Mutari, Alhaji Labo, babban ɗan kasuwar hatsi ne. Da ya ji za su sauka gidan baƙi sai ya rantse ba a yi haka yana raye. Ya sa aka share wa Dokta shagon da ya fi kowane kyau, ya yanka rago, ya ba su izini su kafa mazubin awon ruwan sama a kan soronsa. Kullum bayan la'asar yakan sa a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya zaunar da Mutari kusa da shi, duk wanda ya zo wucewa ya kira shi ya gaya masa ga ɗansa nan gwamnati ta aiko ya gyara wa Konni hanyar ruwa. Mutari ya sha gaya masa ba gyara suka zo yi ba, awo ne kawai da rubuta rahoto. Alhaji ya ce ai duk ɗaya ne.

Satin farko ya tafi wajen kai mazubai Tsarnawa da Malbaza da Badagishiri, don a san ruwan da ke zuba a kewaye. Da suka dawo sai Dokta ya raba aikin cikin gari. Shi ya ɗauki wajen kasuwa da tasha da bakin gudro, wato titin kwalta, ya bar wa Mutari unguwarsu da wadda ke ƙasa da ita, da ake kira Gangare, inda ɓarnar ta fi yawa. Ya kuma miƙa masa wata babbar ambulan ta tsofaffin hotunan garin da aka ɗauka daga jirgin sama tun kafin a haife shi, ya ce ya jera su, shi idanunsa ba su ƙara jure ƙananan abubuwa.

A hoto na shida Mutari ya ga abin da ya sani tun ba yau ba, abin da ya yi ta kauce wa tunaninsa tun a mota. Tsakanin unguwarsu da Gangare akwai wani baƙin tabo mai faɗi. Tabkin Sallau ke nan. A da duk ruwan da ya gangaro daga tudu nan yake zama, ya yi wata biyu ko uku, mata su yi wanki, magina su ɗebi laka, a hankali ƙasa ta shanye shi. Yanzu babu tabki. A inda yake gidan Alhaji Labo ne, da rumbunan hatsi biyu na siminti, da garken shanu, da wata doguwar katanga ta bulo da ta kewaye su duka. Mutari da kansa ya yi jigilar ƙasar da aka cike shi da ita, a hutun lise, wato makarantar sakandare, yana ɗan shekara goma sha bakwai.

Ya zare hoton ya sa ƙarƙashin tufafinsa a akwati. Ya gaya wa kansa ba ɓoyewa ya yi ba, yana so ne ya fara tabbatarwa.

Tabbatarwar ba ta ɗauki kwana uku ba. Ya kafa na'urar hange mai ƙafa uku, lebura ya riƙe masa sanda mai lambobi, suka bi titin taki-taki. Lambobin suka nuna ruwan tudu duka yana zuwa ya daki katangar babansa, ya rasa wurin zama, ya juya gabas ya bi wani ƙunƙuntaccen lungu ya faɗa Gangare gaba ɗaya. Mutari ya daɗe zaune da fensir a hannu. Daga ƙarshe ya zana taswirarsa yadda tsohuwar taswirar meri, ofishin magajin gari, ta nuna, wato ruwan tudu na bin yamma zuwa babban kanibo, magudanar ruwa ta bakin gudro. Ya kai wa Dokta, Dokta ya karɓa bai ko duba sau biyu ba.

Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Mutanen Gangare kuwa tun da suka ji labarin Alhaji suka riƙa tare shi a hanya, wannan ya ja shi ya nuna masa inda ruwan bara ya kai a bango, wancan ya nuna masa rijiyar da masai ya cika. Wadda ta fi damunsa Inna Tabawa ce, wata tsohuwa mai sayar da ƙosai da mijinta ya rasu, ƙawar mahaifiyarsa Uwani. Ita ta yaye shi, ya yi wata huɗu a ɗakinta. A bangon gidanta suka kafa sandar da ke nuna tsawon ambaliya, duk sanda ya je karantawa sai ta cika masa leda da ƙosai, ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Wannan shirun nata ya fi masa ciwo da ƙorafin sauran.

Aka yi ruwa uku manya a Yuli. Bayan kowane ɗaya Dokta yakan zauna a shago ya yi lissafi, ya ɗauki yawan ruwan da ya zuba, da faɗin ƙasar da taswira ta ce tana zubarwa Gangare, ya kwatanta da abin da sandar gidan Tabawa ta nuna. Duk sau ukun ruwan da ya isa Gangare ya kusa ninka abin da ya kamata. Dokta ya zargi mazubin kan soro, aka canja shi. Ya zargi sandar, suka je suka sake kafa ta. Daga nan ya fara zargin kansa. Mutari yana zaune gefe yana kallon malaminsa yana cire tabarau yana murza ido, yana sake bin lissafi ɗaya sau uku, har wata rana ya ce da dariyar da ba ta kai ciki ba, wataƙila tsufa ne ya zo, lokaci ya yi da zai bar wa yara aikin.

Sau biyu Mutari ya buɗe baki zai faɗa. Na farko Alhaji ya shigo da kansa ɗauke da ƙwaryar fura ya ce a ba baƙo. Na biyun ba wanda ya shigo, shi ne dai ya kasa. Ya san in rahoto ya fito da gaskiya, abin da zai ce shi ne a rushe katangar a mayar da tabki, kuma sunan da za a karanta a gaban manyan gari na ubansa ne, da sa hannun ɗansa a ƙasa. In kuma ya yi shiru za a je a kashe ƙarfi wajen faɗaɗa kanibon da ruwan ba ya ko bi, Gangare ta ci gaba da nutsewa. Ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya ya koma Yamai, sai ya tuna in ya tafi Dokta zai karɓi unguwar ya auna da kansa. Ko addu'ar a yi fari ta zo masa a rai, ya yi istigfari.

Ranar wata Talata cikin Agusta, bayan azahar, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Dokta ya ce yau kam ba zai zauna jiran lambobi ba, zai je ya ga ruwan da idonsa. Mutari ya kawo hujjar gwiwar Dokta da ke ciwo, ya kawo ta santsin hanya, dattijon ya ɗauki lemarsa ya fita. Dole Mutari ya bi shi.

Suna isa ƙofar Inna Tabawa ruwa ya tsuge. Suka fake a zaurenta. Da farko ba wani abu, ruwan unguwa ne yana bin tsakiyar lungu iyakar idon sawu, Dokta yana duba agogo yana rubutawa. Bayan kamar rabin awa sai suka ji wani ƙugi daga sama, mata suka fara kiran ƴaƴansu. Tabawa ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin tufafi a ka da akuyarta a hannu, ta ce su biyo ta. Kafin su ƙetare lungun jan ruwa ya kai musu gwiwa.

Akwai wata tsohuwar kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, da ta mutu a bakin lungun tun shekaru, ba taya, an ɗora ta kan duwatsu. Nan mutanen wajen ke hawa in ruwa ya zo. Mutari ya tura Tabawa sama, ya miƙa mata akuya, ya jawo Dokta da ƙyar. Suka tarar da mata huɗu da yara da wani makaho a ciki. Ba a jima ba ruwan ya rufe duwatsun, ya fara lasar katakon ƙasan motar. Ba hanyar gaba, ba ta baya. Wani magidanci ya gwada ƙetarewa ya ɗauko buhun geronsa, ruwa ya kwashe masa ƙafa, sai da ya kama reshen bedi ya tsira, ya zauna can bisa itacen yana kallonsu suna kallonsa.

Suka yi tsaye cikin ruwan sama, jiƙe sharkaf, yara na rawar ɗari. Motar na motsi kaɗan-kaɗan duk sanda wani abu mai nauyi ya doke ta. Tabarmi suka wuce, da tukwane, da kaji matattu, da ƙyauren wani gida. Wajen la'asar bangon ɗakin Tabawa na gabas ya jiƙa ya zauna a hankali kamar raƙumi, rufin ya bi shi. Ta kalla, ta ce Allah ya sa iyakarta ke nan, ta gyara wa akuyar igiya.

Dokta kuwa tun da ya hau bai kalli gidajen ba. Ya dafa ƙarfen motar ya miƙa wuya yana bin ruwan da ido zuwa inda yake fitowa. Daga bisa motar ana hango lungun har ƙarshensa, kuma a ƙarshen ga farar katangar Alhaji Labo, ruwa na dukanta yana tashi sama yana juyowa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi Tabawa, da Hausarsa ta mutanen kogi, ko can sama da akwai wani abu kafin a yi ginin nan.

Ta dubi Mutari tukuna, sannan ta amsa. Ta ce tabki ne, Tabkin Sallau, kowa ya sani. Dokta ya ce to me ya sa duk mutanen da ya yi hira da su wata biyu ba wanda ya ambata masa.

Ta ce, "Malam, mi kaka so mu ce? Shekarar yunwa, tamanin da huɗu, ba mu da ko ƙwaya. Alhaji ya buɗe rumbunai ya ce duk wanda ya kai kwandon ƙasa tabki a auna mishi hatsi. Tabkin ya ƙafe shekara biyu, wa ya san ruwa za shi dawowa? Mu munka cike shi da kanmu, ni da ɗiyana har da mijina. Da hatsin nan munka rayu. In baki ya ci, ido kunya yaka ji."

Sauran matan suka sunkuyar da kai. Dokta ya juyo wajen Mutari ya ce cikin Faransanci, a hankali, abin mamaki ne tabki mai girma haka bai fito a hotunan jirgi ba.

Mutari ya ce, "Ya fito, Malam. Hoton yana cikin akwatina."

Ya jira faɗa, bai zo ba. Dokta ya cire tabarau ya goge da rigar da ta fi tabarau jiƙa, ya mayar. Ya tambaye shi ko lambobin awon titin na gaskiya suna nan. Mutari ya ce suna nan, taswirar ce kawai ya karkatar. Ba inda ɗayansu zai matsa, kafaɗa na gugar kafaɗa, har ruwan ya janye gab da magariba aka kawo igiya aka fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaki goma sha ɗaya suka faɗi a Gangare ran nan. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Da safe Dokta ya kira Mutari shago. Ya ce shi ba zai kai ƙararsa jami'a ba, don ya ci tuwon gidan nan wata biyu, ya san abin da ke kansa. Amma rahoto zai faɗi abin da aka auna, da sunan Mutari ko ba da shi ba, wannan zaɓinsa ne. Abu ɗaya ya roƙa, kada Alhaji ya fara jin maganar a bakin wani.

Mutari ya tarar da mahaifinsa a bakin garke yana duba shanu. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye da zancen tudu da gangare da lambobi. Alhaji ya bar shi har ya gama.

Ya ce, "Kana tsammanin sai da ƙarfen nan naku mai ƙafa uku zan sani? Tun ruwan tamanin da takwas na sani. Na hau soro na gani da idona."

Mutari ya tambaye shi, to me ya sa ya karɓe su, ya yi ta shela a gari. Alhaji ya ce ya zaci masu ilimi za su samo wata hanya, a haƙa wa ruwan rami ta yamma ko ta wani wuri, kowa ya huta. Mutari ya ce sun duba, yamma tudu ce, sai an tsaga gidaje sun fi arba'in. Alhaji ya dubi katangar. Ya ce mutum ashirin da uku ke kwana bayanta, har da matan ƙannensa biyu da suka rasu da marayunsu, ya kwashe su ya kai ina? Ya ce ranar da ya cike tabkin nan mutane addu'a suka yi masa, liman ya ambace shi a huɗuba.

"Sunana za ku rubuta?"

"Gidan za mu nuna a taswira, Baba. Kowa zai gane."

"To ku rubuta. Amma ba cikin gidana ba."

A ranar suka kwashe kayansu suka koma gidan baƙi. Uwani ta biyo Mutari har zaure tana kuka ba sauti, ta cusa masa kilishi a jaka. A wani ɗaki mai zafi da ke kallon tasha suka yi sati uku suna rubutu. Mutari ya sake zana taswirar da hannunsa, ya sa sunansa ƙarƙashin na Dokta.

Aka kira taro a watan Oktoba. Alhaji Labo ya zo da babbar riga ya zauna sahun gaba. Dokta ya yi bayani da Faransanci, Mutari ya mayar da Hausa, bai ɗaga ido daga takarda ba. Da aka gama aka ce ko mutanen Gangare na da magana. Mai unguwarsu ya tashi ya gode wa baƙi, ya ce ruwa dai na Allah ne, inda ya ga dama nan yake bi, kuma Alhaji mutumin kirki ne, ya zauna. Wani jami'i ya yaba aikin, ya ce a halin da ƙasa ke ciki babu abin da za a tada mutum ashirin da uku da shi, balle a tada unguwa guda, amma za a aika rahoton gaba. Aka yi addu'a aka watse. Alhaji ya ba Dokta hannu, ya wuce ɗansa kamar bai gan shi ba.

Mutanen Gangare suka sake gina ɗakunansu a inda suke, don ba su da wani wuri. Mutari ya koma Yamai ya ci gaba da koyarwa. Da Sallah ya zo gida, ya gaida mahaifinsa, aka amsa masa yadda ya kamata, aka tambaye shi aiki da lafiyar Dokta, shi ke nan.

Cikin bazara Uwani ta aiko masa da saƙo ta bakin wani direba. Ta ce Alhaji ya sayar da rabin shanunsa, ya sa an fasa kafa uku a gindin katangar garke, an ƙwaƙule ƙasar wajen har tsawon mutum. Ga masu tambaya ya ce lambu yake so ya yi, ayaba zai dasa. Mutari ya zauna ya yi lissafi a bayan takardar jarrabawa. Ramin ba zai ɗauki ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tabkin ke ɗauka ba. Ruwan da ke kai wa mutum ƙugu zai dawo cinya.

Da damina ta kama ya hau mota ya zo shi kaɗai, ba jami'a ta aiko shi ba. Ya sayi bulo da siminti ya sa aka kai gidan Inna Tabawa, shi da magini suka wuni suna ɗaga mata dokin ƙofa da gindin bango. Da suka gama ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta ce kada ya sake ya kwana gidan baƙi, ta ji Alhaji ya ce a ajiye masa abinci.

Ya hau lungun a hankali har gida. Ya tarar da akushi a rufe cikin zaure, an shimfiɗa masa tabarma. Ya tambayi Baba, aka ce tun da hantsi ya tafi gonarsa ta Tsarnawa, ya ce zai kwana biyu. Mutari ya zauna ya buɗe akushin. Tuwon gero ne da miyar kuka, da sauran ɗuminsa. Ya ci, sannan ya shiga ciki gaida mahaifiyarsa.